Numfashin Gambiza

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi a shekarun wahalar mai, in ka ce masa Malam Lawan mai tafireta, sai ya ɗan yi tunani kafin ya gane. Amma ce masa mai Gambiza ka gani, nan take zai bushe da dariya ya nuna maka layinmu. Malam Lawan mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Gambiza motarsa ce. Ni kuwa Husaina, 'yarsa, turin da na yi wa motar nan ya fi zaman da na yi a cikinta yawa, saboda haka ina da bakin magana a kanta.

Baba ɗan siririn mutum ne, mai tsabta, marar hayaniya. Tun yana saurayi yake buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati, har ya yi ritaya bai canza kujera ba. A ofis ba a san shi da komai ba sai gaisuwa da zuwa a kan lokaci. Ashe duk rigimarsa tara ta yake yi yana ajiye wa mota. Ya saye ta a hannun wani maigidansa a shekarar 1979, lokacin da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ina 'yar ƙarama. A lokacin Fijo ce ta gaske, 404, fara tas, in ta shigo layi yara su bi ta da gudu. Daga ranar da ta kwana a ƙofar gidanmu ba ta sake taka gareji ba. Baba ya ce wanda ya iya kwance tafireta ya mayar da ita daidai, babu ƙarfen da zai gagare shi.

To, ga abin da shekara ashirin ta yi mata. Inji ya koma na 504. Kafireta na wata Datsun ce da ta faɗi a hanyar Wudil. Fitilun gaba na bas ne, sun yi mata girma, kullum sai ka ce mamaki take yi. Hon na babbar mota ne, in Baba ya danna a kwanar gida awakin unguwar Darmanawa ma sai sun ɗaga kai. Ya ɗaura 'yar fanka a gefen sitiyari, ya kuma ɓoye makunnin lantarki irin na ɗaki a ƙarƙashin kujera, wai ko ɓarawo ya samu mukulli ba za ta tashi ba. Wane ɓarawo? Har ta tsufa ban ga wanda ya yi mata kallon sha'awa ba. Wani maƙwabcinmu ne ya ƙare mata kallo wata rana ya ce wannan ai haɗin gambiza ce, sunan ya bi ta. Baba ya yi ta fushi, daga baya kuma shi da bakinsa yake cewa a wanke Gambiza.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aika-aika ba. Akwai abokin ɓarnarsa, Obiefuna, wanda duk unguwa ke kira Baba Obi. Ibo ne daga wani ƙauye can bayan Anaca, Kirista, yana da shagon kayan gyaran mota a bakin titin Zariya, gidansa kuma a Tarauni. Ƙato ne mai ƙatuwar dariya, ga cin goro, ga Hausa a bakinsa har da zolayar mutanen cikin Birni. Ya sha ba mu labarin yadda ya shigo Kano yana saurayi, a zaune a kan lodin doya, da riga ɗaya a jikinsa. Duk wani baƙon ƙarfe da ke jikin Gambiza ta hannunsa ya biyo. Mu mun taso tare da 'ya'yansa, Chike da Ebube, abincin Salla ya je gidansu, na Kirsimeti ya zo namu.

Kullum bayan la'asar Baba zai shimfiɗa tsohuwar tabarma a ƙarƙashin motar, gindin darbejiyar ƙofar gida, ya kwance kayan aikinsa daga cikin rigar tafireta. Can sai ga Baba Obi ya bar yaransa a shago ya taho, ya zauna a benci ya miƙe ƙafa. Inna ta aiko da kunun tsamiya kofi biyu. Daga nan ba abin da kake gani na Baba sai ƙafafu, ba abin da kake ji sai gardama. Baba Obi ba ya taɓa sufana, da kunne yake aikinsa. Ya karkata kai ya ce, “Malam, ba ta kai wuta filogi na uku.” Daga ƙarƙashin mota a ce, “Kunnenka ne ba ya kai wuta.” Ko motar lafiyarta ƙalau sai sun nemo abin da za su kwance.

Abin da ya fi ba Inna haushi shi ne rakiya. In rana ta yi ƙasa Baba Obi ya miƙe, sai Baba ya goge hannu ya ce, “Bari in taka maka.” Su tafi har bakin titi suna musu. A can Baba Obi ya ce, “Haba Malam, ina zan bar ka ka koma kai kaɗai? Mu je in mayar da kai.” Su juyo har ƙofar gida. Baba ya ce ai ba a sallamar baƙo daga bakin zaure, su sake juyawa. Inna tana leƙe tana tafa hannu. Sai ladan ya kira magariba sannan ake samun mai raba su.

Shekarun wahalar mai sun ƙara wa Baba rigima. Wanda bai ga layin mai na wancan lokaci ba ba zai gane ba. Mota ta kwana a layi, ta wuni, a zo kanka a ce ya ƙare, ka koma wajen 'yan bumburutu ka sayi galan ɗaya da ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Wata safiya Baba ya tarar an zuƙe masa ɗan abin da ke tankin, an tafi har da murfin. Ransa ya yi mummunan ɓaci. Ya cire tankin gaba ɗaya ya sa na a-kori-kura, wai don ranar da aka samu mai ya ɗiba da yawa. Ya samo murfin tankin janareta ya yi masa marfi da kwaɗo. Sannan ya ce ya lura ba ɓarayi kaɗai ke shan mai ba, har iska ma sha take yi. Ya bi duk wata kafa da ya gani a jikin tankin da murfin ya liƙe da sabulun wanki, ya bi da fenti. Tankin nan mai girma bai taɓa ganin abin da ya wuce galan ɗaya ko biyu ba, amma Gambiza ta ci gaba da lallaɓawa.

Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula a 1999, su biyun suna gindin darbejiya, rediyo a kan but. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, ina zaune a zaure ina duba aikin yara. Ana gama jawabi Baba Obi ya rage muryar rediyo.

“Malam,” in ji shi, “soja sun koma bariki. Ni ma zan koma gida.”

Ba sabuwar magana ba ce. Chike ya samu aiki a Abuja, Ebube ta yi aure, an gama ɗan ginin da suke yi a ƙauye, kuma matarsa Akunna, wadda muke kira Mama Chike, ta riga ta tafi tun lokacin Ista don ta share gida ta jira shi. Kowa ya san ranar za ta zo. Amma ƙafafun Baba suka daina motsi a ƙarƙashin mota. Da ya yi magana, cewa ya yi a miƙo masa filaya.

Sai da ya fito ya zauna yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya sannan ya ce, “To. Ranar tafiya ni zan kai ka tasha. A Gambiza.”

“Da ma wa zai kai ni?” in ji Baba Obi. “Na shigo Kano a kan doya, zan fita a gidan gaba. In ba a Gambiza ba, ba inda za ni.”

Suka tafa. Mu muka ɗauka irin maganarsu ce ta kullum. Tashar Unguwa Uku ce fa, inda zai hau motar Abuja ya biya ta wajen Chike. Daga gidanmu ko a ƙafa mutum zai iya zuwa.

Ba a daɗe ba mai ya fara samuwa a gidajen mai na wajenmu, layi ya watse. Ranar da Baba ya shiga gidan mai ya tarar ba kowa a gabansa, sai da ya tambaya ko lafiya. Ya ce a cika. Aka cika tankin a-kori-kura har ya tumbatsa, karo na farko tun da aka ɗaura shi. Ya taho gida yana murmushi shi kaɗai, ya kusa kwanar layinmu ke nan Gambiza ta yi tari, ta yi shessheka, ta mutu.

Daga ranar ta tsiri sabon hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, inji na kaɗawa lafiya lau. A hau titin Zariya, a ɗan taɓa tafiya, kafin a wuce asibiti ta fara fizga, sai ta mutu murus. Baba ya fito, ya buɗe kwaɗo, ya cire murfi, ya tsoma sandarsa ta darbejiya ya ga mai na nan fal. Ya rufe, ya zagaya ya ɗaga bonet, ya girgiza wata waya, ya koma ya murza mukulli. Ta tashi kamar ba ita ba. Ya ce, “Na kama ta, wayar nan ce.” A ƙara gaba kaɗan ta sake mutuwa. Mutanen layinmu suka samu abin yi. Masu shayi suka ce Gambiza 'yar soja ce, ba ta goyon bayan farar hula. Wani ya ce ta saba da yunwa ne, ƙoshi bai karɓe ta ba.

Aka shiga neman ciwo. Baba Obi ya karkata kai ya ce filogi ne, aka canza filogi. Ya ce kwayil ne ke ɗaukar zafi, Baba ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya riƙa yawo da butar ruwa. Aka kwance kafireta aka baje 'ya'yanta a kan farantin Inna na baƙi, wanda ta zo da shi tun na aure, ranar kam unguwa ta ji muryarta. Aka zargi famfon mai. Baba ya cire bututu ya hura da baki, ya kwana yana gyatsar fetur. Aka zargi makunnin ƙarƙashin kujera, aka zargi gidan mai, har wata tsohuwa a layinmu ta ce baki ne, a nemi a yi mata tofi. Duk abin da aka canza, washegari a fita gwaji, Baba a sitiyari, Baba Obi a gefe, a dawo da turi. Kuma kullum kafin a fita sai Baba ya biya gidan mai ya ƙara cika tankin har baki, wai kada wahala ta dawo ta same shi a sake.

Damina ta sauka, ta yi nisa. Baba Obi ya riga ya miƙa shago ga babban yaron da ke yi masa aiki, kayansa a ɗaure a tsakar ɗaki, yana kwana a kan katifa ɗaya tsakanin akwatuna. Duk wanda ya tambaye shi yaushe ne tafiya, sai ya ce, “Tambayi Gambiza.” Da farko abin dariya ne. Daga baya na fara jin nauyin Mama Chike a raina, mace ita kaɗai a sabon gida, tana kallon hanya.

Wata safiya Baba ya ce zai rage mini hanya zuwa makaranta. Na so in ƙi, na ji kunya. Daidai kasuwar Tarauni, inda 'yan ajina ke wucewa da jakunkunansu, ta mutu. Na fito na tsaya a bayanta ina cika ina batsewa, yara na “Ina kwana, Malama” suna ƙunshe dariya. Baba ya buɗe kwaɗo ya murɗa murfi. A nan na ji wata 'yar ƙara, fuss, irin ta buɗe kwalbar lemo. Ya tsoma sanda, ya rufe, ya je ya girgiza wayarsa, ta tashi.

Muna shiga na ce, “Baba, ni fa ina ganin ba wayar nan ba ce. Duk lokacin da ta mutu sai ka buɗe murfin can take tashi. Kuma na ji yana jan iska.”

Bai ko dube ni ba. “Malama,” ya ce, “ki je ki koya wa yara baƙi da wasali. Ki bar mana ƙarfe.”

Baba bai taɓa yi mini magana haka ba. Da yamma na tare Baba Obi tun kafin ya zauna, na faɗa masa abin da na ji. Ya dube ni, ya dubi murfin, ya ɓantari goro.

“Husaina 'yata, yaya makaranta? An biya ku kuwa?”

Wallahi ranar na ƙule. Na shiga gida na ce wa Inna tsofaffin nan biyu raini ne ke damunsu, don maganar ta fito daga bakin mace shi ya sa suka toshe kunne. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce in bar su, ba su gama ba ne. Na ce ba su gama me ba? Ta ce in miƙo mata rariya.

Chike ne ya kawo ƙarshen abin. Ya zo daga Abuja wata Asabar da hantsi, bai ko huta a gidansu ba ya wuto wajen Baba. Ya durƙusa a zaure ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ina kawo masa ruwa na ji yana cewa Mama ta zame a bakin rijiya ta gurɗe ƙafa, sai maƙwabta ne ke ɗebo mata ruwa suna dafa mata abinci.

“Baba, na yi wa Papa magana, ya ce shi ya yi alkawari, sai motarka ta warke. Don Allah ka bari a kai ta gareji, ko a ja ta da igiya har tasha yana ciki. Da Mama kullum aike take yi tana tambayar yaushe zai zo. Yanzu ta daina tambaya.”

Baba ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Na ji, Chike. Je ka huta. Ka fara ɗaure sauran kaya.”

Bayan la'asar bai shimfiɗa tabarma ba, bai kwance kayan aiki ba. Ya leƙa cikin gida ya ce Inna ta ara masa basilla. Ya cire murfin tankin ya zauna a benci ya ɗora shi a cinya. Haka Baba Obi ya zo ya same shi. Na fito da kunu, na ajiye, na ƙi komawa.

Baba ya kankare fentin tsakiyar murfin da farce. Wani ɗan farin tabo ya bayyana, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya sa bakin basilla ya murza, busasshen sabulu ya zubo a kan rigarsa. Ya ɗaga murfin sama ya kalli haske ta cikin hudar, ya hura, ya miƙa wa abokinsa.

Abin da ke nan ke nan. Tanki ma numfashi yake yi: yadda mai ke fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, kamar gwangwanin madara da sai an huda shi biyu yake zuba sosai. Lokacin da galan ɗaya ake zubawa a ƙaton tanki, iskar da ke ciki ta ishi 'yar tafiyar Baba. Da aka cika shi har baki, ga huda a liƙe, sai famfo ya ja ya ja ya rasa abin ja. In an buɗe murfi iska ta shiga, ta farfaɗo. Wayar da ake girgizawa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Baba Obi ya juya murfin a hannunsa. “Tun yaushe ka sani, Malam?”

“Tun farkon damina. Ni na liƙe da hannuna, na manta. Ranar da na ji ya ja iska na tuna.” Ya karɓi murfin. “Kai fa?”

“Haba Malam. Shekara nawa ina sayar da murfin tanki?”

Suka dubi juna. Baba Obi ne ya fara dariya, irin tasa mai girgiza benci, Baba ya kama, har yana share ido da gefen hula. Baba Obi ya ce, “Filogin nan da na sa ka cire, lafiyarsu ƙalau.” Baba ya ce ya sani, suna cikin gwangwani ya adana. Baba Obi ya ce shi kwayil ɗin ma ƙarya ya yi masa. Baba ya ce ai shi ya sa kullum yake cika tanki kafin su fita, don kada ta ba su kunya ta kai Unguwa Uku. Dariyar ta yi ta raguwa har ta ƙare. Kunu ya huce ba wanda ya taɓa.

Ni da na zo da shirin cewa ai na faɗa muku, sai na fasa. Tausayinsu ya kama ni, na kuma ji haushinsu saboda Mama Chike, duka a lokaci ɗaya. Manyan mutane biyu masu furfura sun kwashe damina guda suna yi wa juna ƙarya, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani, don kawai ba wanda zai iya buɗe baki ya ce kada ka tafi. Na kwashi kofunan na shige ciki.

Ranar tafiya Baba ya wanke Gambiza da kansa, ya sa farar riga da hular da yake zuwa Idi da ita. Chike ya yi gaba da kaya a tasi. Muka biya Tarauni muka ɗauki Baba Obi, ya shiga gidan gaba ya kunna 'yar fanka ya gyara zama. Ni da Inna muna baya. Maƙwabtansa suka fito suna ɗaga hannu, Baba ya danna musu hon ɗin babbar mota, wata mai tallan gyaɗa ta kusa zubar da farantinta.

Muka hau titin Zariya. Muka doshi wajen asibiti, inda ta saba mutuwa. Na ga Baba ya sassauta ƙafa, na ga Baba Obi ya karkata kai yana saurare. Inji na kaɗawa sumul, ko tari babu. Muka wuce. Baba Obi ya gyara murya ya ce, “Tana kai wuta yanzu.” Baba ya ce, “Tana kaiwa.”

A tasha an riga an ɗaure kaya, fasinjoji sun zauna, Chike ya kama wa mahaifinsa wuri. Baba Obi ya durƙusa kaɗan ya yi wa Inna sallama, ya ce ta yafe masa farantinta. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya dafa kaina ya ce in riƙa duba masa Malam, kada in bari ya sa wa motar nan fukafukai. Sannan Baba ya ce, “Mu je in taka maka.”

Suka tafi har bakin ƙofar motar Abuja. Baba Obi ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya fasa, ya ce, “Ina zan bar ka ka koma kai kaɗai?” Suka juyo har inda Gambiza take. Baba ya ce ai shi ne mai rakiya yau, suka koma. Direba ya danna hon. Suka sake juyowa. Kwandasta ya fara ɗaga murya, wani fasinja ya leƙo ta taga ya ce, “Baba, in ba za ku rabu ba ku shigo ku biyun mana!” Inna, wadda ta shekara ashirin tana mitar wannan rakiya, ta juya ta ce masa ya yi wa mutane shiru.

A zuwa na ƙarshe Baba Obi ya shiga ya zauna. Ya miƙo hannu ta taga ya riƙe na Baba.

“Wannan karon ba zan iya mayar da kai ba, Malam.”

“Na san hanya,” in ji Baba.

Motar ta fara tafiya. Baba ya bi ta a ƙafa, hannunsa a jikin taga, har bakin ƙofar tasha, inda ta hau titi ta ƙara wuta. Ya tsaya a nan har ta ɓace cikin motoci, sannan ya dawo. Gambiza ta tashi bugu ɗaya, ta kawo mu har gindin darbejiya ba ta ko yi atishawa ba. Masu shayi suka yi tafi, suka ce ta karɓi farar hula.

Da la'asar ta yi na ji motsin tabarma a waje. Inna ta dama kunu, ta zuba kofi biyu kamar kullum, sai da ta miƙo mini sannan ta lura. Na fita na tarar Baba ya baje kayan aikinsa a jere, ya ɗaga bonet, yana tsaye yana kallon inji, hannayensa a baya.

Na ce, “Baba, me ya same ta kuma?”

“Ba abin da ya same ta,” ya ce. “Lafiyarta ƙalau.”

Ban taɓa jin an ambaci lafiya da baƙin ciki irin haka ba. Ya sauke bonet a hankali, ya je ya zauna a ƙarshen benci, wajen da ya saba zama, ya bar sauran a buɗe. Na ba shi kofinsa. Na ɗauki ɗayan zan mayar ciki, ya ce in bar shi a nan.